Karatun Numfashi Ɗaya

A Dapaong idan ka ce Malam Izzuddeen, ba lalle a gane wanda kake nufi ba. Amma ka ce Misye Fulustof, har mai sayar da ruwan sanyi a ƙofar lekol, wato makaranta, za ta nuna maka ajinsa. Shi ke koyar da Ingilishi a wata kolej mai zaman kanta da ke bayan kasuwa. Ɗan Sokode ne, haifaffen unguwar Didaure, aiki ya kawo shi arewa. Dogo ne siriri, kullum da rula ta katako a hannu. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci. Tsoron bakin mutane ne dai ya yi masa yawa, in ya ji an ce "ana cewa", to ranar ko abinci ba ya shiga.

Yaran da yake koyarwa da Faransanci suke karatu, a gida kuwa wani Moba, wani Hausa, wani Mosi. In aka ce su rubuta Ingilishi sai su juye shi kamar gero daga buhu, ba aya, ba alamar tambaya, ba komai. Izzuddeen ya yi ta ɗiga musu aya da jan biro har ya gaji, sai ya ƙirƙiro tasa dabarar. Duk wanda ya kawo rubutu ba aya, zai fito gaban aji ya karanta abinsa da bakinsa, kuma ba shi da izinin shaƙar numfashi sai inda ya sa aya. Ka saci numfashi a wani wuri, rula ta sauka a kan tebur, ka koma farko. Kai, ka ga ƙaton saurayi yana karatu idanu sun firfito, jijiyar wuya ta tashi, aji na ta faɗuwa da dariya. Washegari kuwa zai zo da aya a ƙarshen kowace jimla, har da inda ba a nema ba. Dabarar ta ci. Yaransa suna haye jarrabawa, iyaye suna sa albarka, direkta yana nuna shi ga baƙi. Yara suka sa wa abin suna karatun numfashi ɗaya, shi kuma Misye Fulustof, wato Malam Aya.

To, a cikin ajin nan akwai Khairiyya, 'yar yayarsa Azara.

Azara ce ta riƙe Izzuddeen bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da tuyar wagashi, wato cukun nono, a tashar Sokode ta kai shi lekol, har ya zama abin da ya zama. Da mijinta ya rasu ya bar mata yarinya ɗaya, ta jira yarinyar ta gama firamare, sannan ta kamo hannunta ta sa a na Izzuddeen.

"Ga 'yarka nan," ta ce. "Bakinta ne ke da nauyi, kanta garau yake. Ka yi mata abin da na yi maka."

Nauyin bakin kuwa in'ina ce, mai tsanani. In Khairiyya ta buɗe baki kalmar farko kan maƙale, haɓarta ta yi ta rawa, sai ta runtse ido ta buga ƙafa kafin ta fito. In kalmar ta fito, sauran kan biyo da gudu. A gidan kawunta abin ya yi sauƙi. Matarsa Safiyatu mai haƙuri ce, ba ta ƙarasa mata magana, ba ta kuma kallon bakinta, sai ta ci gaba da tsinken alayyahunta har yarinya ta gama. Sannu a hankali har Khairiyya ta fara ba da labarin lekol a bakin murhu, tana kwaikwayon tafiyar direkta.

A takarda kuwa, tabɗi! Yarinyar nan in ta kama biro ba ka ce ita ce ba. Izzuddeen ya daɗe yana koyarwa bai ga mai zuba Ingilishi irinta ba. In aka ce a rubuta rabin shafi a kan gari, ita sai ta cika biyu: hayaƙin mai a tashar Sokode, direbobin Tchamba suna ciniki da uwarta suna tsokanarta, kuɗa a kan tire, komai yana nan kamar kana tsaye a wurin. Aya ce dai babu. Ko ɗaya.

Wata rana bayan la'asar ya zaunar da ita a tabarma, ya buɗe littafinta.

"Khairiyya, ba ki san aya ba ne?"

Ta gyaɗa kai, ta sani.

"To ina take? Shafi biyu cur, mai karatu ya mutu ke nan?"

Ta daɗe tana kokawa da kalmar kafin ta fito. "K-k-kawu, in ina rubutu ba abin da ke tare ni. Ina tsoron in na tsaya in kasa tashi."

Maganar ta sosa masa rai ƙwarai. Ya ce ba komai, ta rubuta abinta yadda ya zo, in ta gama sai ta koma ta bi shi tana ɗigawa, kamar yadda ake yayyafa gishiri bayan an sauke. Ta yi murmushi ta ce to. Wani lokaci ta tuna, wani lokaci ta manta. Shi kuma bai taɓa kiranta gaban aji ba, don ya san abin da idon mutane ke yi wa harshenta.

Ai kuwa yara suna da ido. Tun ana raɗa har aka fara faɗa a fili: 'yar gida ce, ita ba ta karatun numfashi ɗaya. Akwai wani Alhaji Siddiƙ, mai manyan motoci da ya zo daga Nijar, wanda ɗansa ya sha fitowa gaban aji. Shi ya tako har ofis ya kai ƙara. Direkta, wani dattijo mai sanyin murya, ya kira Izzuddeen ya ba shi kujera.

"Misye, ni ban ce ka yi laifi ba," ya ce. "Amma ana cewa doka biyu ce a ajinka, ɗaya ta 'ya'yan mutane, ɗaya ta 'yan Sokode. Ka san garin nan ƙarami ne."

Shi ke nan, an taɓa masa inda yake ciwo. Ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Safiyatu ta tambaya ya gaya mata, ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Malam, kar ka yi."

"Sau ɗaya ne. A rufe bakin mutane a huta."

"Ka je ka gaya wa direkta lalurarta mana. Ko shi Alhajin ai yana da 'ya'ya."

"In je in ce me? A ce na kawo uzuri don tawa ce? Ke ba ki san mutane ba."

"Na san yarinyar dai," in ji Safiyatu. Ta kwashe kwanuka ta fita.

Haka muke, ba shi kaɗai ba. Mutum ya fi jin kunyar a ce ya fifita nasa a kan a ce ya zalunci nasa. Izzuddeen ya yi ta lallashin kansa da cewa layi biyu kawai zai bari ta karanta, a ɗan yi dariya, ya ce ta zauna. Ko gaya mata bai yi ba, wai don kar ta kwana da fargaba.

Ran nan zafi ake yi irin na bazarar Dapaong, kwanon rufi yana ta ƙara kamar zai tsage. Ya raba littattafai ya riƙe nata a hannu. Ya kira sunanta cikakke, har da na mahaifinta, yadda yake kiran kowa. Khairiyya ta ɗago ta dube shi, ta ɗauka kuskure ne. Da ta ga ya miƙo littafin, sai ta tashi ta fito a hankali, tana goge tafin hannu a jikin siket.

Ta buɗe shafin. Ta buɗe baki. Kalmar farko ta ƙi.

Haɓa ta fara rawa. Ta runtse ido, ta buga ƙafa, ta ja numfashi don ta sake gwadawa. Wani daga baya ya ce, "Misye, ta saci numfashi." Ɗan Alhaji Siddiƙ ne. Izzuddeen ya ji duk idanun ajin sun dawo kansa, ga kuma inuwar direkta a bakin taga. Sai ya ɗaga rula ya buga tebur.

"Koma farko," ya ce.

Wane farko, bawan Allah? Yarinyar da ko harafi ɗaya ba ta fitar ba. Dariya ta ɓarke. Ta sake gwadawa, sautin da ya fito ba kalma ba ce, wani abu ne kamar shaƙuwa. Ta ja numfashi, ya buga. Ta ja, ya buga. Wani yaro ya fara kwaikwayonta, 'yan mata suka cusa kai cikin hijabi suna ƙyaƙyatawa. Izzuddeen yana ji a ransa cewa ya isa, ya isa haka, amma hannunsa bai daina ba, don in ya daina yanzu za a ce ya tausaya wa tasa. Can sai Khairiyya ta rufe bakinta. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da littafi tana kallon allo, gumi na ɗiga daga haɓarta, har dariyar ta mutu don kanta. Da ya waiga taga, direkta ya daɗe da wucewa.

"Je ki zauna," ya ce.

Bakin mutane kam ya rufu. Alhaji Siddiƙ har ya tsayar da mota a hanya ya gaishe shi, ya ce yanzu ya san malamin gaskiya ne. Izzuddeen ya amsa gaisuwar ya wuce da sauri.

A gida Khairiyya ba ta fasa komai ba. Tana shara, tana ɗebo ruwa, tana durƙusawa ta gaishe shi da safe. Sai dai gaisuwar ta koma ta motsin leɓe. In Safiyatu ta tambaye ta abu, ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Labarin bakin murhu ya ƙare. Izzuddeen ya so ya ce mata ta yi haƙuri, wallahi ya so, ya sha tsayawa a ƙofar ɗakinta da maganar a bakinsa. Amma ina aka taɓa ganin kawu ya ba 'yar yayarsa haƙuri? Sai ya shiga kasuwa ya sayo mata takalmi. Ya sayo sabon hijabi. Ya riƙa dawowa da tsire a takarda yana cewa a ba yarinya. Ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa, ta kai ɗaki ta ajiye.

Rubutu na gaba da ta kawo layi huɗu ne. Kowace jimla gajera, kowace da ayarta a ƙarshe, baƙa, an danna biro sosai. Sunan garinsu, yana da kasuwa, yana da masallaci, mutanensa suna noma. Ba kuskure ko ɗaya. Ya juya shafin yana neman saura, babu. Dole ya ba ta maki mafi yawa a aji, ya kuma zauna a kujerarsa bayan an tashi yana kallon shafin.

Da hutun zango ya zo, Khairiyya ta bi motar Idrisu zuwa Sokode. Idrisu direba ne ɗan unguwarsu, shi ke kai musu saƙo yana kawowa. Hutu ya ƙare, aka koma lekol, bencinta ba kowa. Izzuddeen ya kira Azara a waya, ta ce lafiya lau, ana ruwa a Sokode, ya iyali. Da ya kawo maganar yarinya sai ta ce, "In ka samu sarari ka zo." Ta kashe.

Ya nemi izini ya tafi. Tun a hanya ya shirya abin da zai faɗa, ya kuma ce wa Idrisu ya riƙe masa kujera biyu a komawa, tasa da ta yarinya.

Ya tarar da Azara a tsakar gida tana yanka wagashi a tire. Ta tsufa fiye da yadda ya bar ta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba halinta ba ne. Ta ba shi ruwa, ta sa aka daka masa sakwara, ta zauna ta ga ya ci. Sai da ya wanke hannu sannan ya ce, "Yaya, ina Khairiyya?"

"Tana wajen aiki."

"Wane aiki?"

"Na kai ta koyon ɗinki shagon Memounatou. An kai goro, an yi addu'a, an ɗinka mata kayan 'yan koyo."

Izzuddeen ya gyara zama. Ya san al'adar garinsu. In aka kai goro gaban shaidu aka damƙa yarinya ga uwar ɗaki, ba a zuwa bayan kwana biyu a ce an fasa.

"Yaya, baɗi fa za ta zauna jarrabawa. Yarinyar nan ban taɓa koyar da mai kai irin nata ba. Me ta gaya miki?"

"Ba ta gaya mini komai ba. Abin ke nan." Azara ta ci gaba da yanka. "Da in ta zo hutu sai na ce ta bar ni in ji da kunnena. Wannan karon na yi ta jira. Sai da na kira Safiyatu na haɗa ta da Allah, sannan na ji."

"Matsa mini aka yi. Cewa ake ina nuna bambanci."

"Da ka nuna," in ji Azara. "Don ka nuna na ba ka ita. In don a yi mata kamar kowa ne, ai akwai lekol a bayan gidan nan."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce a bar shi ya gyara, zai canza mata aji, zai canza mata lekol ma in ta kama. Ya ce ya yi kuskure, ya faɗa da bakinsa, abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Ni ban hana ba," ta ce. "Ba ni na cire ta ba. Ranar komawa na haɗa mata kaya, ta zauna a kan jakar ta ƙi tashi har mota ta tafi. Je ka tambaye ta. In ta ce za ta bi ka, ni zan je in ba Memounatou haƙuri, in sha kunyar."

Shagon yana kan hanyar Tchamba, rumfa ce ta kwano da kekuna jere. 'Yan koyo duk cikin kaya iri ɗaya, shuɗi da fari. Memounatou, mace mai jiki da tabarau a kan hanci, ta karɓe shi da mutunci, ta ce a kawo wa malam kujera. Can ƙurya ya hango Khairiyya. Sababbi ba a ba su yadi, a takardar buhun siminti suke koyon miƙe layi, ita ma shi take yi, ta duƙufa tana taka keke. Da aka kira ta ta taso ta durƙusa a gabansa, idonta a ƙasa.

Ya rasa ta inda zai fara, ga 'yan mata sun rage taka keke suna saurare. Memounatou ta daka musu tsawa suka ci gaba. Ya rage murya.

"Khairiyya, na zo mu koma. Bencinki yana nan. Ba wanda zai ƙara fito da ke gaban aji, ni na ce." Ya matso da kujerarsa. "Abin da na yi miki ban kyauta ba. Ki yafe mini."

Ta ɗago da sauri, don ba ta taɓa jin babba ya faɗi haka ba. Idonta ya ciko. Ya ga haɓarta ta fara rawa, ya kau da kai ya dubi titi yadda Safiyatu ke yi, ya jira. Ya jira har wata motar gawayi ta wuce.

"N-n-na yafe, Kawu."

"To tashi ki ɗauko kayanki."

Ta girgiza kai.

"Don me?"

Wannan karon ma ta daɗe. "A nan ba wanda yake cewa in yi magana."

Ya ce to rubutun fa, ita da take cika shafi biyu ba ta gaji ba? Ta dubi takardar simintin da ke hannunta, ta ce rubutun ya daina zo mata. Ko ta ɗauki biro, ba abin da ke zuwa. Ta sake durƙusawa, ta koma kan kekenta. Izzuddeen ya zauna a kujerar nan yana kallon bayanta, har Memounatou ta ce ko a kawo masa ruwa. Ya ce a'a, ya gode, ya tashi.

Da safe Azara ta rako shi bakin ƙofa da ƙullin wagashi na Safiyatu. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ya ce amin. Ya karɓi ƙullin ya kama hanyar tasha.

A tasha mota ta kusa cika, Idrisu yana ɗaure kaya a sama. Da ya hango shi ya sauko yana share hannu.

"Malam, ga wurinku nan na tsare, bayan direba. Ina 'yar tamu?"

"Ba ta zuwa."

"Sai wani satin?"

"Ba ta zuwa," Izzuddeen ya sake cewa.

Idrisu ya dube shi. Ya zagaya baya ya kinkimo wani buhun doya da ya rasa wurin sawa, ya dire shi a kujerar da ya tsare wa yarinya, gefen taga.

"To Malam, don Allah ka dafa mini shi in mun zo gangara, kar ya faɗo wa mutane."

Izzuddeen ya ce to. Ya ɗora hannu a kan buhun tun mota ba ta tashi ba, kuma bai ɗauke ba har Dapaong.